Yadda ake canza tayarod na Hilux a gida

Idan fikof ɗinka ta fara wani ƙara ƙwas-ƙwas daga gaba duk sanda ka hau gargada, ko kana tafiya a kwalta lafiya lau amma sitiyarin yana yawo sai ka yi ta gyara shi hagu dama kafin motar ta tsaya a layinta, ko kuma ka duba tayar gaba ka ga gefe ɗaya ya cinye ɗayan gefen yana nan da sauran rai, toh abu na farko da za ka zarga shine tayarod. Shi ne ɗan ƙarfen nan mai kai kamar dunƙulen hannu da ke haɗa sandar sitiyari da nakul, wato ƙarfen da tayar ke zaune a kansa. A ciki akwai ƙwallon ƙarfe da ke juyawa a cikin kwaskonsa da giris, an rufe shi da roba. Da zarar robar nan ta fashe, ƙura da ruwa sun samu hanya, yashi ya gauraya da giris ya dinga cin ƙarfen a hankali har ya fara wasa. A hanyoyinmu na burji, ga ƙurar hunturu ga laka da damina, wannan ba ya ɗaukar dogon lokaci.

Kuma don Allah kar a ɗauke shi ƙaramin abu. In ya cinye har ƙwallon ya fice daga kwaskon, tayar ta rabu da sitiyari kenan, za ta karkace inda ta ga dama kana riƙe da sitiyari ba abin da za ka iya. A fikof mai ɗauke da buhuna ko mutane a baya, a kan babban titi, ba na ma son in ƙarasa.

Zan yi bayanin ne a kan Hilux ɗin da aka yi daga 2005 zuwa 2015, wadda ake ce wa Vigo, saboda ita ta fi yawa a hannun mutane, amma aikin kusan ɗaya ne a kan wadda ta biyo bayanta da Navara da L200 da duk wata fikof mai sitiyarin rak, wato doguwar sandar nan mai haƙora da ke tura tayoyin gaba hagu da dama. Tsofaffin Hilux na kafin 2005 da Land Cruiser fikof akwai ɗan bambanci, zan faɗe shi a gaba.

Ka fara tabbatarwa shi ne kafin ka kashe kuɗi

Mutane da yawa suna canza tayarod ƙarar ba ta tafi ba, saboda tun farko ba shi ba ne. Gwajin ba wuya. Ka ɗaga tayar gaba da jak har ta bar ƙasa, ka kama ta da hannu biyu, ɗaya a gefen gaba ɗaya a gefen baya, ka dinga jijjiga ta kamar kana son ka juya ta hagu da dama, gajeren motsi da sauri ba wai juyawa sosai ba. In ka ji tana wani ɗan ƙat-ƙat, akwai wasa a layin sitiyari. Yanzu sai ka samu wani ya ci gaba da jijjigawar kai kuma ka leƙa, ka ɗora hannunka a kan tayarod ɗin daidai inda ya shiga nakul, in shi ne za ka ji motsin a tafin hannunka, nakul yana motsi kafin shi ya bi. In nan shiru ne, ka kai hannu ciki wajen robar nan mai lanƙwasa-lanƙwasa da ta rufe bakin rak, ka matse ta ka ji, in motsin daga can yake toh rak'en ne, wato na ciki, ba na waje ba. Shi aikinsa daban ne kuma yana son wani makami na musamman, ba shi muke yi ba yau.

Sannan ka sake kama tayar, wannan karon sama da ƙasa, ka jijjiga. Wasan da ya fito ta nan yawanci boljoyin ne, wato mahaɗin da ke riƙe nakul ta sama da ƙasa, ko boris ɗin taya. In kuma ta ko'ina tana wasa, boris ɗin za ka fara dubawa.

Ko da ba ka ji wasa ba amma ka ga robar ta yage giris ya bushe ya zama kamar ƙasa, ni dai shawarata ka canza, don kwanansa ya ƙare, lokaci kawai yake jira.

Sayen kayan

Nan ne ake cutar mutane. Ka je da lambar shasin motarka, tana cikin takardun mota kuma tana jikin motar, saboda na mai jan ƙafa biyu da na mai jan ƙafa huɗu ba ɗaya ba ne ko da shekararsu ɗaya, sannan a wasu motocin na dama daban na hagu daban, a wasu kuma guda ɗaya ne yake shiga ko'ina. In akwai hali mafi kyau ka cire tsohon ka tafi da shi a hannu, ko Ƙofar Ruwa ce a Kano ko Panteka a Kaduna ko duk inda kake saye, a ɗora su gefe da gefe a gabanka. Na kamfanin Toyota shi ne gaba, sai irin su 555 na Japan da CTR na Koriya, masu kyau ne in ka samu na gaske, don jabunsu ya cika kasuwa har kwalin ma ana kwaikwaya. Ka riƙe sabon ka gwada motsa ƙusar da ta fito daga kansa da hannu, mai kyau yana da tauri sai ka sa ƙarfi, kuma yana tafiya sumul ba ya ƙarar yashi. Wanda yake lilo da yatsa biyu tun yana sabo ka ajiye musu kayansu. Ka duba robar ba tsage, ka duba akwai noti da fin, wato ɗan siririn ƙarfen nan mai ƙafa biyu da ke hana notin kwancewa, a cikin kwalin.

Maganar na hannu, wato Baljiyam, akwai kayan da nake yarda a saya na hannu amma ban da wannan, don ba ka san tafiyar da ya yi ba. Abin da ya fi wannan muni kuma shine ɗabi'ar nan ta a cire tsohon a daddake kwaskon da guduma ya matse, ko a cusa masa leda ko roba a ciki, ko a ɗiga masa walda a ce ya gyaru. Bai gyaru ba wallahi. Ƙarar ce ta ɓuya na ɗan lokaci, ƙarfen da ya cinye yana nan a cinye, dukan ma ya ƙara raunana bakin da ke riƙe ƙwallon. Kuma in ɗaya ya mutu ka duba ɗan'uwansa da kyau, tare suka sha hanya, in aljihu zai iya ka canza biyun lokaci ɗaya ka biya kuɗin alayimen, wato saitin tayoyi, sau ɗaya.

Kayan aiki kuwa, jak mai ƙarfi wanda zai ɗauki tan 3, da sitan na ƙarfe da za ka zaunar da motar a kai, da sifanar taya, a Hilux lamba 21 ce, da sifanu da soket daga 17 zuwa 24 don girman notin ya danganta da wanda aka sa a baya, da filaya, da guduma mai nauyi ba ta kafinta ba, da burushin ƙarfe, da WD-40 ko kananzir, da tef ɗin awo, da alƙalamin maka ko fenti ko alli, da tsumma, da giris kaɗan. In za ka samu aron fular tayarod, wato ƙarfen da ke matso ƙusarsa ta fita daga nakul, a wajen wani bakanike ka aro, tana sauƙaƙa aikin sosai, in ba ta samu ba guduma za ta yi. In akwai sifanar nan mai auna ƙarfin ɗauri, ita ma.

Ɗaga motar

Ka samu wuri mai tauri kuma a miƙe, siminti ya fi. In ƙasa ce ko yashi ka sa katako mai kauri a ƙarƙashin jak da sitan. Ka tsayar da motar tayoyin gaba suna kallon gaba sak, sitiyari a tsakiya, ka ja hanbirki, ka sa ta a giya, in otomatik ce ka sa a P, sannan ka sa weji gaba da bayan tayar baya. Tun motar tana ƙasa ka sassauta notinan taya, rabin juyi kawai, kar ka cire. Sai ka ɗaga ta shasi, ka zura sitan a ƙarƙashin shasin, ka sauke nauyin a kansa, ka ɗan girgiza motar ka ga ta zauna daram.

Ban yarda da bulon siminti ba ko kaɗan, yana fashewa lokaci ɗaya ba gargaɗi, kuma Hilux ta kusa tan 2, ga shi aikin nan akwai dukan guduma da zai dinga girgiza motar. In babu sitan, guntun gungumen itace mai faɗi mai ƙwari ya fi bulo nesa ba kusa ba. Jak shi kaɗai kuma ba a dogara da shi. Da ka cire tayar ka tura ta kwance a ƙarƙashin shasi, in wani abu ya zame ita za ta tare. Yara kuma a kore su daga wajen, ka san su da son leƙe.

Yanzu ka juya sitiyari yadda tayarod ɗin zai fito waje ka gan shi sosai. Za ka ga noti biyu. Ɗaya yana kan sandar, a manne da gindin tayarod ɗin, shi ne na kulle. Ɗayan yana kan ƙusar da ta ratsa nakul, mai tsaga-tsaga a kai da fin a soke. Ka goge tiredin sandar, wato inda noti ke bi, da burushin ƙarfe sosai har ka ga haƙoran, ka fesa WD-40 a notinan biyu, ka bar shi ya jiƙa kamar minti 10 zuwa 15, in motar ta daɗe ba a taɓa wajen ba ka fesa tun daren jiya. Wasu suna zuba man birki, yana ɗan taimakawa amma yana cin fenti, ka kiyaye.

Alama da awo, kafin ka kwance komai

Wannan wajen shi ne zuciyar aikin, kuma shi ake tsallakewa. Tsawon da tayarod ya shiga kan sandar nan shi ke yanke hukuncin ko tayoyinka suna kallon gaba daidai ko sun haɗe baki ko sun buɗe. A yawancinsu juyi ɗaya tak yana matsar da shi kamar milimita 1.5, in ya isa bakin taya kuma ya ninka, ka ga kuskuren juyi biyu ko uku ya isa ya cinye maka sabuwar taya cikin ɗan lokaci kuma sitiyari ya karkace.

Saboda haka ka yi abu uku, ba ɗaya ba. Ka sa alamar fenti a kan tiredin daidai bayan notin kulle. Ka ɗauki tef ka auna daga wani wuri da ba ya motsi a jikin sandar, misali inda ƙaramin kilif ɗin robar rak yake ko wajen da aka fafe don sifana, zuwa tsakiyar kan tayarod ɗin, tsakiyar murfin daidai inda ƙusar take, ka rubuta a takarda ko ka ɗauki hoto da waya. Na uku shine ƙirga juyi lokacin cirewa, zan zo kansa. Dalilin da ya sa ba na dogara da ƙirgan juyi shi kaɗai shine sabon ba lallai tsawonsa ya zo ɗaya da tsohon ba, musamman in kamfaninsu daban, sai ka mayar da juyi daidai amma tsakiyar ƙusar ta matsa. Awon tef ɗin shi zai kama wannan.

Kwancewa

Ka fara da notin kulle tun tayarod ɗin yana maƙale a nakul, don a lokacin ne akwai abin da zai riƙe maka shi. In ka fara cire shi daga nakul sannan ka dawo kan notin kulle, komai zai dinga juyawa tare kana ta fama. Ka sa sifana ɗaya a jikin tayarod ɗin wajen da aka yi masa fuska, ɗayar a notin, ka karya ɗaurin. Kwata ko rabin juyi ya isa, so kake kawai ya rabu da gindin, kar ka mayar da shi baya da nisa don shi ma alama ce a gare ka. In ya ƙi, ka ƙara fesawa, ka ɗan bubbuga gefen notin da guduma, ka sa bututu a sifanar ya ƙara mata tsawo. Sifanar ta zauna cif, in tana da faɗi za ta murje kusurwoyin notin ka shiga wani aikin. Ban ba da shawarar wuta ba a gida, robar rak tana kusa, ga tiyon birki ga wayar ABS, wato na'urar da ke hana taya ƙamewa in an taka birki.

Sai fin. Ka miƙe ƙafafunsa biyu da filaya, ka kama kan ka ja, in ya yi tsatsa ka ɗan buga shi ta baya ko ka karya ƙafafun ka tura ragowar da ƙaramar ƙusa. Ka jefar da shi, ba a maimaita fin.

Yanzu ka kwance notin ƙusar, amma kar ka cire shi gaba ɗaya, ka bar shi a kai da haƙora uku ko huɗu. Za ka ga duk da notin ya saki abin bai motsa ba, kar ka yi mamaki, ƙusar ba miƙaƙƙiya ba ce, tana da kauri a gindi tana sirancewa zuwa sama, ramin nakul ɗin ma haka aka fafe shi, toh ɗaurin da aka yi ya cusa ta ta kama gam. Wannan kamun shi ne ainihin abin da ke riƙe sitiyarinka, noti tsaro ne kawai yake yi kar ta saki.

In kana da fula, ka zura bakinta tsakanin robar da nakul, ɗayan bakin ya zauna a kan ƙusar, ka dinga ɗaurewa a hankali. Zai saki da ƙara ɗau kamar an harba wani abu, notin da ka bari shi zai hana shi tsalle, ka kawar da fuskarka da yatsunka daga wajen. In ka ɗaure sosai bai saki ba, ka bar fular a ɗaure ka buga gefen nakul ɗin sau ɗaya ko biyu, zai fita.

In guduma ce kawai, ga inda ake kuskure: ba kan ƙusar ake duka ba. In ka daki kanta za ta baje ta yi faɗi, noti ya ƙi fita, ita ma ta ƙi ratsa ramin. Gefen hannun nakul ake duka, wato zoben ƙarfen da ƙusar ta ratsa, daga gefe, duka mai ƙarfi mai tsabta ba ƙwanƙwasa ba. Girgizar ce ke sa ramin ya ɗan motsa ya tofo ta. In akwai guduma ta biyu ka sa wani ya dafa ta a ɗaya gefen zoben kai kana dukan wannan gefen, ya fi saurin saki. In kuma wani zai danna sandar da ƙarfe ta ɓangaren da ƙusar za ta fita kana dukan, ya fi ma. Ka lura da faifan birki da farantin bayansa da wayar ABS, duka ɗaya a kan wayar nan fitila ta kunna a dashbod. Ka sa tabarau in kana da shi don tsatsa tana tashi. Wani lokaci duka uku ya saki wani lokaci sai ka yi gumi, ka yi haƙuri kawai ka ci gaba da dukan wuri ɗaya.

Da ya saki ka cire notin, ka zare ƙusar daga ramin. Sai ka fara warware tayarod ɗin daga sandar kana ƙirgawa da baki, duk sanda ƙusar ta dawo inda ta fara juyi ɗaya kenan, har ya faɗo a hannunka, in da rabi a ƙarshe ka rubuta da rabin. Ka riƙe sandar da sifana ko filaya kar ta bi shi tana juyawa, in ta juya ƙirganka ya lalace kuma robar rak za ta murɗe. Kar wanda ya yi maka magana a lokacin nan, ka rubuta lambar nan take.

Tunda sandar tana sake a hannunka, ka gwada ta. Ka ja ta waje ka tura ciki, bai kamata ka ji wasa ba ko kaɗan. Ka ɗaga ta ka saki, in ta faɗi laƙwas ba wani tauri toh rak'en ɗin ma ya gaji. Ka duba robar rak ko ta yage, in ka ga man sitiyari yana ɗiga daga cikinta wannan matsalar sil ɗin rak ce, ka san da ita.

Ɗaura sabon

Ka ajiye tsoho da sabo a ƙasa gefe da gefe, ƙusa daidai ƙusa. Tsawo ɗaya ne? Lanƙwasar ɓangare ɗaya take kallo? Kaurin ƙusar ɗaya ne? Ka gwada zura ƙusar sabon a ramin nakul da hannu, ya kamata ta zauna cif ba ta rawa, tiredin ya fito isasshe har ramin fin ya bayyana. In tana rawa a ramin ko ta shige har gindi, ba naka ba ne, ka mayar, kar ka yarda da maganar a sa wasa a cike.

Ka goge tiredin sandar, ka shafa giris kaɗan don wanda zai yi alayimen ya samu sauƙi, ka ɗaura sabon da hannu da adadin juyin da ka rubuta. Ya kamata ya zo ya tsaya dab da notin kulle. Sai ka goge ramin nakul da ƙusar da tsumma su bushe ƙarau, nan ba a sa giris, kamun ƙarfe da ƙarfe ake so. Ka zura, ka sa noti da hannu, ka ɗauko tef ka sake awon nan na farko. In ya yi daidai madalla, in bai yi ba ka zare ka ƙara ko ka rage juyi har ya zo, awon tef ɗin za ka bi.

Ɗaurin notin ƙusa yana da adadinsa a littafin gyaran motar, kowane samfuri da nasa, in kana da sifana mai awo ka bi shi. In babu, ka ɗaure da sifana mai matsakaicin tsawo da ƙarfin hannu sosai, ban da hawa da ƙafa ban da dogon bututu, don in ka wuce gona da iri tiredin zai tsinke ko ƙusar ta miƙe. Sannan ka duba ko tsagar notin ta zo daidai da ramin fin. In ba ta zo ba, gaba za ka ƙara kaɗan har tsaga ta gaba ta zo, ba a sassautawa baya don a samu rami, in ka sassauta kamun nan da na yi bayani ya tafi. Ka soka sabon fin, ka lanƙwasa ƙafafunsa, ɗaya ta kan ƙusar ɗaya ta gefen notin. Ƙusar kafinta ko waya ba fin ba ce, na sha ganin an sa, tana karyewa.

Wasu sababbin ba sa zuwa da fin, notinsu mai roba ne a ciki da ke kulle kansa. Matsalarsu kana ɗaurewa ƙusar tana juyawa tare da notin. Ka duba kan ƙusar, in akwai wajen sa ƙaramar sifana ko alanki, wato ɗan makullin nan mai kusurwa shida, ka riƙe ta nan, in babu ka matse tayarod ɗin cikin ramin da jak ko da dogon ƙarfe, da ta kama za ta daina juyawa. Irin wannan notin shi ma sau ɗaya ake amfani da shi.

Sai ka dawo kan notin kulle, sifana biyu kamar ɗazu, ka riƙe tayarod ɗin yadda kansa zai zauna a miƙe a kan nakul ba a karkace gefe ɗaya ba, ka ɗaure notin ya matse gindinsa sosai. In akwai nonon giris a jikinsa ka buga masa har robar ta ɗan kumbura ka tsaya, kar ta fashe. Ka sa wani ya juya sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe kana kallo, ba abin da ke gogar wani, robar rak ba ta murɗe ba. Ka mayar da taya, ka ɗaura notinan da hannu, ka sauke motar, sannan ka ɗaure su a tsallake, wannan sai wanda ke kallonsa a ɗaya gefen, ba bi da bi ba.

Masu tsohuwar Hilux ta kafin 2005 mai jan ƙafa huɗu da Land Cruiser fikof, naku sitiyarin akwati ne ba rak ba, kuma sandar tana da kai biyu, ɗaya ana ɗaure shi ta dama ɗaya ta hagu, an yi haka ne don in an juya bututun tsakiya tsawon ya ƙaru ko ya ragu. Toh in kana kwancewa ka ji yana ƙara ɗaurewa, ba tsatsa ba ce, juya ɗaya ɓangaren. A wasu kuma maimakon notin kulle kilam ne, wato maɗaurin ƙarfe, mai bol. Wajen saye ka tabbatar wane tiredi aka ba ka.

Alayimen

Duk iya ƙirganka da awonka, kusa ka kawo shi, ba daidai ba. Kafin ka fita za ka iya gwajin gida: motar a ƙasa, ka tura ta gaba kaɗan ta zauna, sitiyari a tsakiya, ku biyu ku auna da tef daga wani layin zanen tayar dama zuwa irinsa a ta hagu ta gaba, sannan ku auna layukan nan dai ta baya a tsayi ɗaya. Ya kamata su zo kusan ɗaya, ko gaban ya fi bayan matsewa da 'yan milimita kaɗan. In ka ga bambancin ya kai santimita akwai kuskure, ka sassauta notin kulle da ƙaramin kilif ɗin robar rak, ka juya sandar rabin juyi, ka tura motar baya da gaba, ka sake awo ka ga ina ta nufa.

Wannan na kai ka wajen masu alayimen ne kawai, kuma a ranar ko washegari, ba sai an yi albashi ba. Kuɗin alayimen bai kai ko kusa da kuɗin tayar Hilux guda ɗaya ba. Ka je inda suke da na'ura, ka daidaita iskar tayoyin kafin a fara, ka tsaya a wajen ka ga sun kulle sitiyari a tsakiya kuma sun gyara ta ɓangarorin biyu ba ɗaya ba, in an gama ka leƙa da idonka ka ga an ɗaure notinan kulle.

A hanyar zuwa ka tafi a hankali, ka fara zagaya unguwa, ka juya dama ka juya hagu ka taka birki ka saurara. Bayan tafiyar kamar kilomita 50 zuwa 100 ka sake bin notinan taya da sifana, ka leƙa ka ga fin yana nan, notin kulle bai ja baya daga gindin tayarod ɗin ba. Tayar da ta riga ta ci gefe ɗaya ba za ta gyaru ba ko an yi alayimen, in da sauran rai ka mayar da ita baya, in waya ta fara leƙowa ka cire ta. In kuma ƙarar gargadar tana nan bayan duk wannan alhali wasan sitiyarin ya tafi, ka duba 'yan sandunan sitabilaiza da bushin ɗinsu da na shokazoba, su ma irin ƙarar suke yi.